Huɗu da Nema a Abu Hail

Sati mutumin Bukuru ne, kusa da Jos, kuma gyaran esi mai sanyaya ɗaki ne sana'arsa. Ya zo Dubai a 2009. Wani kamfani a Al Khabaisi ya ɗauke shi, ya ba shi riga mai sunansa a ƙirji da gado a wani ɗaki a Abu Hail. Su shida ne a ɗakin: biyu 'yan Nepal, biyu 'yan Filifin, da wani wanda har ya bar ɗakin Sati bai san ƙasarsa ba, don ba a taɓa ganinsa a farke ba. Zaman lafiya ake yi sosai. Babu mai jin yaren wani, saboda haka babu abin da za a yi faɗa a kai.

Kowa ya kewaye gadonsa da labule. A bayan nasa labulen Sati ya ajiye ƙaramar talabijin da wata tsohuwar na'urar gem. Ranar da ya saye ta ya ce a ba shi hannu biyu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Mai shagon ya tambaye shi ko yana da abokin wasa. Sati ya ce a garinsu ba a sayen hannu ɗaya. Wannan ba amsar tambayar ba ce, amma mai shagon ya sa masa biyun a leda.

Juma'a ce ranar hutunsa. Da safe ya je coci, ya dawo ya wanke rigunan aiki, sauran yinin kuma na gem ne. Cikin shekara biyu ya san wasanni da yawa, kuma yana da ra'ayi a kan kowanne, sai dai babu wanda ya tambaye shi.

Wasan tseren mota ya yaba masa: hotonsa na da kyau, babu cunkoso, babu tarar gudu. Aibinsa shi ne titunan da dogayen benayen ciki sun yi kama da abin da yake kallo ta tagar motar kamfani kwana shida a mako. Wasan yaƙi kuwa sati biyu ya yi da shi. Masu yin sa sun yi ƙoƙari wajen ƙarar bindiga, kuma ga wanda yake Jos lokacin rikicin ƙarshen 2008 ƙoƙarin ya yi yawa. Sau ɗaya ya shiga ta intanet ya buga da baƙi, wani ya zage shi da yaren da bai sani ba. Ya ɗan ji daɗi, don ranar nan shi ne mutum na farko da ya yi masa magana.

Akwai na gona, inda mutum zai shuka dankali da safe ya tone kafin la'asar, ba tsutsa, ba neman taki. Sati ya ce wasan na da kwantar da hankali, amma gonar da babu mai wucewa ya ce maka sannu da aiki ba gona ba ce.

Wasan ƙwallo shi ne babba a wurinsa, kuma shi ne mai aibi mafi girma. Idan ka ci na'ura ba ta jin haushi. Ba ta cewa hannun da aka ba ta ne ya lalace, ba ta zagin alƙalin wasa, ba ta cewa a sake. Ka zura mata shida, ta tambaye ka cikin ladabi ko kana son ci gaba.

A 2011 aka tura shi gyara wani ƙaramin otal a Deira. Yana kan tsani, ƙusa ta suɓuce masa, ya ce da kansa, "Kai, wannan abu." Daga kan gado wani ya ce, "Wane abu, ɗan uwa?" Halliru ke nan, ɗan kasuwa daga Kano, mai sarin takalma, wanda ke zuwa duk bayan wata uku ya yi kwana goma ya haɗa kago, wato kayan da zai aika gida, ya koma. Ya girmi Sati da shekara goma sha biyu. Kafin esin ya fara sanyi Halliru ya riga ya san garin Sati da albashinsa da abin da yake yi ran Juma'a.

"Gem? Injiniya, ka san da wa kake magana? Ni na riƙe gidan gem a Fagge shekara biyar kafin in shiga takalmi. Yara layi suke yi su kalli hannuna."

"To, Alhaji, hannu na biyu na nan yana jira."

"Yalla, mu buga. Juma'a bayan masallaci."

Ya zo, ya zauna a bakin gadon da babbar rigarsa, kansa na taɓa katakon gadon sama. Kafin a fara ya ɗaga yatsa.

"Dokar gidana: wanda aka ci huɗu da nema ya ajiye hannu, ba zai sake taɓawa ba sai gobe. Khalas, shi ke nan."

Sati ya san dokar, a Bukuru ma haka ake yi. An kafa ta ne don gidan da mutum ashirin ke jiran hannu biyu, don maras iyawa ya ba wasu wuri. A ɗakin nan su biyu ne, amma babu wanda ya ga dalilin kawo wannan magana.

Ranar nan sun buga goma sha ɗaya. Halliru ya ci bakwai, ya ɗora laifin huɗun a kan hannun da aka ba shi, da zafin ɗakin, da alƙali, wanda ya rantse ɗan Jos ne. Ya kira golansa ɓarawo. Ɗaya daga cikin 'yan Nepal ya leƙo ta labule ya ga ko lafiya. Sati bai yi dariya irin wannan ba tun saukarsa ƙasar. A wasa na ƙarshe Halliru ya zura masa huɗu, Sati ya ajiye hannu, aka sha shayi.

Da Halliru ya koma Kano, Sati ya yi tunanin cewa mutum mai kwana goma kacal a gari ba zai ci gaba da ɓata Juma'arsa a kan wanda yake ci cikin sauƙi ba. Sai ya duƙufa. Ya ajiye mota da gona. Ya gano wani gefe da idan aka buga daga nan gola ba ya taɓa kamawa, ya koyi yanke ɗan baya da yatsa ɗaya. Wata uku yana wannan, shi kaɗai, kowace Juma'a. Halliru kuwa yana da shago da mata da 'ya'ya biyar, ba ya taɓa gem sai ya zo Dubai.

Zuwa na biyu an yi kankankan. A na uku Sati ya fara rinjaye. A na huɗu wasan farko ya tashi huɗu da nema cikin minti goma sha biyu. Halliru ya ajiye hannu a kan katifa.

"Alhaji, ɗauki mana. Wa ke jira?"

"Doka doka ce, habibi. Ni na kafa ta, in karya ta a gaban yaro?"

Ya sha shayi, ya ba da labarin wata kwantenarsa da ta maƙale, ya tafi kafin ƙarfe uku. Zuwan da ya biyo baya ma haka. Ziyarar awa huɗu ta koma ta rabin awa, har da shayin.

Sai Sati ya fara ɓarar da ƙwallo da gangan. Ba abu ne mai sauƙi ba, don yatsun sun riga sun saba. Wata Juma'a a 2014 yana da uku, saura minti ashirin a agogon wasan, ya koma baya yana ba golansa ƙwallo, gola ya ba ɗan baya, ɗan baya ya mayar wa gola. Halliru ya tsayar da wasan.

"Injiniya, me kake yi?"

"Tsaron gida, Alhaji."

"Na riƙe gidan gem shekara biyar. Mutum biyu ake yi wa wannan: ƙaramin yaro, don kada ya yi kuka, da sabon kwastoma, don ya dawo gobe. Wanne ne ni a ciki?"

Halliru ya sake kunna wasan.

"Ka zura na huɗun, ko in tashi."

Sati ya ga cewa duk wanda ya zaɓa tashin za a yi. Ya ja ƙwallo zuwa gefen nan, ya buga, gola bai kama ba.

"Yawwa," in ji Halliru, ya ajiye hannu. "Yanzu ka girmama ni."

Da gaske yake, har ya dafa kafaɗarsa. A bakin ƙofa yana sa takalmi ya ce kasuwar takalma ta koma China, can mutane ke zuwa kai tsaye yanzu, shi ma zai gwada. Amma zai biyo ta Dubai bayan Sallah, inshallah. Bai faɗi wace Sallah ba.

Tun daga ranar Sati bai sake buga ƙwallo ba. Ya sa faifan wasan a cikin akwati, ƙarƙashin fasfo. A lissafinsa, idan hannu ya koya cikin wata uku, zai iya mantawa cikin shekara ɗaya, kuma in Halliru ya dawo za a buga goma sha ɗaya ba tare da kowa ya yi wa kowa alfarma ba. Ya koma wasan gona, wanda ba ya buƙatar saurin yatsa.

A ƙarshen 2015 an yi Sallah uku. Sati na nan a Abu Hail, an canza masa abokan ɗaki sau biyu. Wata Juma'a ya ciro faifan don ya duba ko mantuwar ta kankama. Ya buga da na'ura sau ɗaya, ya ci ta biyar da nema, ta tambaye shi ko yana son ci gaba. Ya mayar da faifan cikin akwati, ya je ya tone dankalinsa.