Ɗingishin Nafusa

Usta Shihata a cikin akwati ya tsufa. Ba habaici nake yi ba. Ɗakin majigin silimarmu ta birnin Tanta a Masar da kwano aka lulluɓe shi, don fim ɗin wancan zamani ya fi kananzir son wuta, kuma mai gidan, Hawaja Stavro, kan danna sakata ta waje har a tashi, wai in gobara ta zo ta ci mutum ɗaya ta ƙoshi. Shihata na ciki yana juya na'ura da hannu, ni ina ƙasa gefen farin ƙyalle ina ara wa hotuna baki, tunda ba sa magana.

Dokar aikinsa ɗaya ce: hannu ba ya tsayawa. In ya tsaya, zafin fitila ya cinye fim.

Wani mako aka kawo mana tsohon fim na gaske, ba wasan kwaikwayo ba: ayarin rigar Ka'aba na fita daga Alƙahira. Muna cikin kallon la'asar sai raƙuma suka koma tafiya kamar a cikin zuma.

Na ɗaga murya: "Usta! Barci kake ko ka cika?"

Da aka buɗe masa ya fito sharkaf da gumi, ya damƙe ni. "Ka ga matar da ke bin raƙumi mai ado, tana jan ƙafar hagu? Innata ce, Nafusa."

A wannan tafiyar ta rasu, a hanyar Madina. Bai san kabarinta ba, ba ta bar hoto ba.

Na ce, "Haba Usta, duk faɗin Masar tsohuwa ɗaya ce mai ɗingishi?"

"Kai mai bakin ganga, a cikin ɗingishin nan aka yi goyona."

Daga ranar, ko yaushe aka zo wurin sai ya sassauta hannu har fim ya fara ƙauri, ni kuwa in yi ta yi wa raƙumi kirari don kada 'yan kallo su karya benci. Duk da haka cikin ƙiftawar ido Nafusa take wucewa. Hawaja ya shinshina iska ya ce, "Ƙona min gida, in aika ka ka gaishe ta."

Ran Alhamis za a wuce da fim ɗin garin Mansura. Da safiyar ranar Shihata ya sa almakashi ya yanke wurin da take, kamu ɗaya, ya liƙe sauran. Motar kamfani ta ɗauki gwangwanin fim ɗin ta tafi.

Sai ya ja ni bakin taga. "Duba min, idona ya gaji."

Na ɗaga guntun a rana. Kowane hoto bai wuce farcen babban yatsa ba. Ga raƙumi, ga baƙaƙen ɗigo birjik a bayansa, duk sun lulluɓe, ba mai motsi. Guntun kuma ya yi wa na'ura kaɗan, haƙoranta ba za su kama shi ba.

"Wacce ce a ciki, Usta?"

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora tsinke a kan wani ɗigo. "Wannan."

Washegari da ya sake nuna min, wani ɗigon daban ya taɓa.