Ƙarfen da ke Ƙarƙashin Kafet

Motar ta daɗe a bayan gidanmu a Talata Mafara, har kaji suka maida ta wurin ƙwai. Tsohuwa ce mai dogon baya, irin wadda yanzu sai ka sha yawo kafin ka ga guda a kan titi. Maigidana mahauci ne, ɗan mahauta, yana kuma taɓa fataucin fata. Da ita yake cin kasuwar Maradun da ta Damri.

Bayan rasuwarsa, autana ya ce zai tada ta. Wai irinta ta zama abin kallo. Ban hana ba, ban kuma sa albarka ba. Aka ja ta da igiya zuwa wani gareji a bakin hanyar Bakura, aka yi wata da watanni ana aiki. Kullum ya dawo ya nuna mini hoto a waya, in ce na gani.

Rannan ya shigo da murna. A lokacin matarsa na gidansu a Faru, ta je haihuwar fari.

"Inna, saura kujeru da fenti. In ta gama wanka, da motar Baba zan ɗauko ta."

Na ce, "A wace kujera?"

"Gaba mana. Ko a but zan sa ta?"

Ban yi dariya ba. Na ɗauki mayafina na ce ya kai ni garejin.

Ga abin da shi bai sani ba, don yana goye a bayana sa'ad da aka yi shi. Ranar kasuwa ubansa kan kwance kujerar gaba ta fasinja, ya jibge fatu masu gishiri a gurbinta. In ya sayi rago, sai ya ɗaure shi a notin da ke riƙe da bel ɗin kujera, can ƙasa kusa da ƙofa, don shi ne ƙarfe mafi ƙwari a cikin motar. Ba shi kaɗai ba, duk mahautan da ke da mota haka suke yi. Ruwan gishiri da jini da fitsarin rago suna bi ƙarƙashin kafet shekara da shekaru. Da yamma a share sama, a maida kujera. Ba wanda ya taɓa ɗaga kafet ɗin.

A wancan lokacin ɗiyata ta fari tana karatun aikin asibiti. A duk danginmu ita kaɗai ke ɗaura bel da gaske. Sauran mutane sai sun hango ma'aikatan hanya suke yafa shi a ƙirji kamar gyale. Ubanta kan tsokane ta, "Likita, jirgi za mu hau?" Ita ko ta ce, "Baba, ka dai tuƙa." Ita ce ta yi alkawarin koya mini karatu in ta gama. Ƙarshe a ajin manya na koya, da furfurata.

Za mu biki Bakura, tana gaba, ni ina baya da goyo. Wani sa ya faɗo titi daga cikin gero. Ubanta ya kauce, muka gangara muka daki itace. Shi sitiyari ya tare shi. Ita ta fita ta gilashi. Da na isa inda take, bel ɗin na nan a ɗaure a jikinta yadda ta ɗaura shi. A wutsiyarsa ga notin, da ɓallin ƙarfen mota mai tsatsa, faɗinsa bai fi tafin hannuna ba.

Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare. Ban musa ba, har gobe ba na musawa. Amma na ga ƙarfen da idona. Kuma da yake ta fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba tana raye, sai "ke" ko "yarinyar nan". Kunyar ta bi ni har zaman makoki. Na zauna ido a bushe ina amsa gaisuwa kamar ɗiyar maƙwabta aka rasa. Ubanta ya sa aka jawo motar gida, ya maida kafet a kan ramin, bai ƙara tuƙi ba. Har ya koma ga Allah ba mu taɓa zancen notin nan ba.

A garejin mun sami mai walda tsugune a bakin ƙofar motar. Muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da mai jego, na amsa duka. Sannan na leƙa. Ya yanko langa-langa ya ɗora a kan ramin, ya ɗiɗɗiga wuta a kusurwoyi, ga ƙwaɓin da suke shafewa da shi kafin fenti yana jira a murfin gwangwani.

Na ce, "Wanga mi ne ne?"

"Faci ne, Hajiya. In kafet ya hau, ko ni ba zan gane wurin ba."

"A nan za ka ɗaura bel?"

Ya yi dariya. "Wa ke sa bel a garin nan? Ado ne. Ko ke za ki yi tsere da ita?"

Na ɗauki sukundireba a ƙasa na caka gefen facin. Ta shige kamar a ɓawon ƙwai. Na sake cakawa gaba kaɗan, ta sake shigewa, jar tsatsa na zuba a ƙasa.

Autana ya matso. "Inna, mutane na kallo."

"Su kalla. Nan ne ya ɓalle, yayarka ta fita."

Na faɗa masa duka, a tsaye, a gaban makanikai: fatun, ragon, notin a wutsiyar bel. Ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna. Shi dai an ce masa hatsari ne, shi ke nan abin da ya sani.

Mai walda ya matso. Ya ɓalle langa-langar da kansa. Ya bi daɓen yana yankewa har ya kai inda ƙarfe ke da lafiya, ramin ya koma kamar bakin tukunya. Ya shiga cikin tarkace ya fito da ƙarfe mai kauri, ya yanka biyu, guda sama guda ƙasa, ya kwanta a ƙarƙashin motar ya bi su da wuta kewaye, ba ɗigo-ɗigo ba. Ya huda, ya sa sabon noti da faffaɗan zoben ƙarfe a ƙarƙashinsa.

"Hajiya, ya yi?"

"Kawo igiya."

Na ɗaura ta a notin, irin ɗaurin da ubansu ke wa rago. Na ce su ja. Majiya ƙarfi suka kama, har da autana. Motar ta karkata, tayar wancan gefen ta nemi barin ƙasa. Notin bai motsa ba.

Ana kwance igiyar aka kira la'asar. Sai na tuna bayan azahar muka iso. Aikin ke nan duka, tsakanin salla da salla, da ƙarfen da ke yashe cikin shara. Na ja mayafi na rufe fuskata. Kukan da ban yi a makoki ba, a gareji na yi shi, mai walda na ta tattara kayan aikinsa yana yi kamar bai ji ba.

Ranar ɗauko mai jego na bi su. Ta shiga gaba, na miƙa hannu ta bayanta na jawo bel ɗin, ban saki ba sai da na ji ya kama. Jaririyar na karɓe ta na zauna baya, gurbina na da. Sunan yayarsa autana ya sa mata. Har muka iso gida idona na kan gindin ƙofar nan, kuma har yau bakina bai iya sunan ba.