Saura Biyu

A gidanmu na Kontagora komai da lokacinsa. Bayan magariba a ci tuwo, bayan tuwo a wanke hannu, sannan mu yara mu taru a bakin murhun Kaka, mahaifiyar babanmu, ta yi mana tatsuniya har a kira isha'i.

Zamanin Turawa ne, ina ɗan shekara takwas ko tara. A lokacin shayi ba abin kowa ba ne a garinmu. Mu kunu muka sani da fura. Ana cewa Turawan bariki suna shan nasu da madara, amma ban taɓa gani ba. Wanda na gani da idona shi ne na wani Buzu, Malam Agali, falken kanwa da ke sauka a zauren Baba duk shekara da jakunansa. Yana da 'yar buta shuɗiya, da kaskon garwashi, da finjali biyu, da dunƙulen sukari da yake fasawa da gindin wuƙa. Yakan ɗaga butar sama ya zubo, shayin ya sauko siriri yana ƙara har ya yi kumfa. Sau uku yake dafa ganye ɗaya, sau uku kuma ake sha. Dokar Baba ita ce yaro ba ya taɓa kayan baƙo, kuma Baba ba ya maimaita magana.

Ana gobe Malam Agali zai tafi, ya zuba dahuwar farko ke nan aka kira magariba. Shi da Baba suka fita masallacin ƙofar gida, suka bar finjali ɗaya cike. Na shiga zaure, na duba dama da hagu, na ɗaga na shanye. Ɗacin ya kai mini har cikin kunne. Na kwantar da finjalin a karkace don a ce kaza ce ta ture, na ruga cikin gida. Da suka dawo na ji Baba yana yi wa Inna faɗa kan ba a rufe kaji da wuri.

Aka kawo tuwo, na yi loma biyu na tsame hannu. Ƙirjina yana bugawa.

Kaka ta ce, "Maigidana, yau girkin ne bai yi maka ba, ko ka ci a wani gidan?"

Na ce, "Na ƙoshi, Kaka."

Ta jawo ni kamar za ta gyara mini wuyan riga, ta sunkuyo dab da bakina, sannan ta sake ni.  Ta tura itace cikin murhu, ta ce, "To, ga wata nan tafe, ku matsa mata." Muka ce, "Ta shigo."

Ta ce an yi wani falke da ya rabu da ayarinsu a hanyar Rijau. Da la'asar ya iske wani mutum zaune a gindin tsamiya, ya rufe fuska da rawani, idanunsa kaɗai ake gani, gabansa buta a kan garwashi. Babu jaki, babu kaya, babu sawun ƙafa a ƙasa. Mutumin ya juya yana fasa sukari, ga finjali cike a gefensa. Falke ya miƙa hannu ya shanye, ya ajiye a hankali, ya kama hanya ba sallama. Bai yi taku goma ba ya ji murya a bayansa, ba ta da ƙarfi: "Saura biyu."

Kaka ta rage murya sa'ad da ta faɗi haka, har ƙanwata Hauwa ta cusa kai cikin zaninta.

Ta ce abin da ya fara samun falken shi ne ƙirjinsa ya kama bugawa. Na ɗora hannu a kan nawa. Daga nan duk abin da ya sa a baki sai ya koma ɗaci, fura da zuma da ruwan rijiya. Sannan ya fara jin ƙarar zubo shayi a bayansa. A kasuwa yana ji, a cikin sahun salla yana ji. In ya waiga babu kowa. Kullum kuma ƙarar tana ƙara matsowa, ranar farko kamar daga ƙofar gida, daga baya a tsakar gida, daga baya a bakin ɗaki. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Da ya koma gindin tsamiyar sai toka ya tarar, ta riga ta huce. Wata safiya matarsa ta shiga ta tashe shi, ta iske shi ya cika, ga finjali biyu a gefen kansa, cike, suna tururi.

Hauwa ta ce, "Kaka, ba shi da magani?"

"Da shi mana. Da ya koma kafin mai shayin ya ɗaure kayansa, ya ce da bakinsa, ni na sha, a ba shi sauran biyun, da ya tsira. Amma in mai shayi ya riga ya tafi, shi ke nan." Ta kakkaɓe zaninta. "Nan ta tsaya. Kowa ya riƙe rabonsa."

Aka kira isha'i, yara suka watse. Ni na kasa tashi. Na san Malam Agali da asuba zai ɗora wa jakuna kaya. Na kuma san inda bulalar Baba take rataye. Ina cikin auna biyun sai Inna ta tsiyaye ruwan tulu a bayan ɗaki. Da na ji ƙarar zubar ruwan nan, ban san lokacin da na kai zaure ba.

Na iske sun dawo daga masallaci, Malam Agali yana naɗe butar a cikin tsumma. Na durƙusa.

Baba ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Baba, ba kaza ba ce. Ni na sha."

 Baba ya miƙe zai ɗauko bulala, sai na fashe da kuka, na ce a yi mini ko nawa ne, amma don Allah Malam ya ba ni sauran biyun kada in mutu. Malam Agali ya ce wa ya ce zan mutu, na kwashe labarin duka na faɗa. Ya ja rawaninsa ya ƙara rufe baki, na ga kafaɗunsa suna motsi. A lokacin na ɗauka addu'a yake yi.

Ya ce da Baba, da irin Hausarsa ta Buzaye, "Maigida, zauna. Wanda ya sha na fari baƙona ne, ba a taɓa shi sai ya sha na uku."

Ya kwance tsumman, ya hura garwashi. Na biyun da ɗan ɗaci da ɗan zaƙi. Na ukun kuwa ban taɓa sa abu mai daɗinsa a baki ba. Da na ajiye finjali Baba ya yi mini bulala huɗu, biyu don kayan baƙo, biyu don faɗan da na jawo wa Inna, sannan ya tura ni in ba ta haƙuri. Na cancanta, ban kuma taɓa jin haushinsa ba.

Yau ni mashayin shayi ne, amma da ƙa'ida. Ba na sa madara. Ba na sha a tsaye, ba na ɗaukar finjalin da ba a miƙo mini ba, in kuwa na san ba zan zauna har na uku ba, tun farko nake cewa na gode. Gahawa an sha ba ni, na ɗanɗana na bari, abin da ake kurɓa sau ɗaya a tashi bai kwanta mini ba. Har yanzu ba na son a zuba shayi a bayana.

Da na girma na tambayi Buzaye da yawa labarin falken nan, babu wanda ya taɓa jin sa. Sai na gane a bakin murhun nan Kaka ta ƙera shi, daidai da ni. Tana iya kama kunnena ta kai ni wurin Baba, amma ta bari na tafi da ƙafata na faɗa da bakina. Shekaru bayan rasuwarta na kama ɗana ya buɗe mini gwangwanin sukari. Na zaunar da shi, na nemi labarin da zan ba shi, na yi ta nema, ban samu ko ɗaya ba. Sai na tashi na ɗauko bulala.