Akushin Maƙeri

Garinmu tsohon gari ne, arewa da Agiye, amma in ka ga abin da ya rage yau sai ka ce ƙarya nake. Akwai kufan ganuwa, akwai ramukan marina da ƙasa ta cike. Tarihinsa kuwa yana bakin mutum biyu ne, babana da maƙerin garin, su ma ba su taɓa yarda da juna ba. Babana ya ce maharba ne daga wajen Katsina suka sari garin. Maƙeri ya ce sun sara ɗin, amma kakanninsa suka tarar a wurin suna fasa tama, suna fitar da ƙarfe. Kullum sai sun yi wannan gardama a wurin ciyayya, inda kowane magidanci ke fito da akushinsa ƙofar gidanmu bayan magariba, a buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. A nan na san gari gida-gida, wa ya zo daga ina, wa ya haifi wa.

Shekarar babban fari ni magidanci ne da ƴaƴa uku. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Na tura matata da yara Maraɗi wurin wanta, ni na zauna, don tsoho ya rantse ko gawarsa ba za ta bar garin ba. Gwaggona ke tuƙa mana ɗan abin da ya samu, jar dawar taimako in an kawo, in babu a haɗa da dusa.

Wanda yunwa ta kora ba ya sallama a wurinmu, kunya ba ta barinsa. Sai dai gari ya waye ka ga ƙaya a ƙofar gida. Akusan ciyayya suka riƙa raguwa, daga tara suka koma biyar, har ya zama saura biyu, namu da na maƙeri. Shi kuma wa zai kawo masa gyaran hauya, babu abin nomawa? Duk da haka kullum yana nan tafe, akushi rufe da faifai, ya ajiye shi gefe da hannu biyu.

Abin da ya riƙa ba ni haushi, namu ake fara buɗewa. Babana ya yi loma uku ya tsame hannu, ya ce, “Alhamdu lillahi, mun ƙoshi. Maƙeri, mayar wa tsohuwarka da naka, ta ɗumama da safe.” Mun ƙoshi a ina? Ni cikina kuka yake. Ga shi Allah ya yi ni da zuciya, bakina kuma ba ya jira.

Wata rana na yini a daji neman anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa a ci lokacin yunwa, na dawo ido na ganin bibiyu. Da tsoho ya fara alhamdu lillahinsa sai na ce, “Haba Baba, kai ne ka ƙoshi! Kullum namu, kullum namu. Baba Maƙeri, yau dai mu ɗanɗana naka.” Na miƙa hannu na ɗage faifan.

Babu komai a ciki. A wanke yake tas, ya bushe har gindin ya fara tsagewa.

Maƙeri ya karɓi faifan daga hannuna a hankali, ya rufe akushinsa. Ya ce da babana, “Sarkin gardama, Allah ya ba mu alheri.” Ya miƙe ya tafi.

Da safe na auni kwanon dawa na ruga gidansa. Ƙaya na tarar a ƙofa. Na bi sawunsu, nasa da na matarsa, har bakin hanyar mota, daga nan na rasa. Bayan an yi ruwa na neme shi Gazawa, na neme shi Jibiya, ba wanda ya ce ya gan shi.

Mu biyu muka ci gaba da fitowa ƙofar gida, ni da tsoho, garin shiru ko kukan jaki babu. Bai zage ni ba, da ma ya zage nin. Na yi ta jan shi da hira, ina cewa Baba, su wa ka ce sun gina ganuwa? Sai ya ce ya manta. Ƙarya yake, bai manta ba, ba shi da wanda zai ce masa ba haka aka yi ba.

Sau ɗaya kawai ya taɓo maganar, yana wanke hannu, bai ko dube ni ba. Ya ce, “Wata biyu nake tashi da yunwa don maƙeri ya samu ya ci, kuma kada a buɗe akushin nan.”

Yanzu na wuce shekarun da babana ya yi a duniya, amma har yau in na tuna ina cin abinci sai in tsame hannu.