Ranar da Mokoteli Ya Sauko da Mutum Daga Hawa na Biyar

Ntate Mokoteli, wato Baba Mokoteli, ya baro duwatsun Lesotho yana ɗan shekara sha tara, ya sami aiki a wani siton barguna a Doornfontein, cikin Johannesburg. Ginin jan bulo ne mai ginshiƙan ƙarfe. Kowane hawa yana da ƙatuwar ƙofa mai kallon titi, babu matakala a gabanta. Can sama wani dogon ƙarfe ya leƙo, sarƙa na reto a jikinsa. Da ita Mokoteli ya shekara ashirin da shida yana jan diloli.

Da sito ya durƙushe, aka yanka ginin gida-gida. Aka sa wa ƙofofin gilashi, aka tsuke matakala don falo ya yi faɗi, aka bar sarƙa don ado. Shi kuma aka ba shi gadi. Duk wata yakan hau ya shafa wa sarƙar mai, ba wanda ya sa shi.

Wata Talata da rana tsaka aka ɗauke wuta, lif ya tsaya. Mista Padayachee na hawa na biyar, ƙaton mutum, ya yanke jiki ya faɗi. Ma'aikatan motar asibiti suka ɗaure shi a gadonsu, amma gadon ya ƙi juyawa a kwanar matakala.

'Yarsa Thiru ta riƙe kai. "Na shiga uku! Ntate, numfashinsa na sama-sama!"

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Buɗe mini ƙatuwar ƙofar nan mai kallon titi."

Babban ma'aikacin ya dube shi sheƙeƙe. "Tsoho, mutum ne fa, ba buhun masara ba. In sarƙar nan ta tsinke, wuyan wa?"

"Nawa. Ta ɗauki abin da ya ninka shi uku."

Thiru ta ce a yi.

Mokoteli ya ɗaure kusurwa huɗu na gadon a jikin sarƙar, aka tura shi waje. Mutane suka taru a titi. Yana sakin sarƙa kaɗan-kaɗan, gumi na shiga masa ido. Daidai hawa na uku ta cije. Iska ta kaɗa gadon, ya bugi bango. Wata mata a ƙasa ta ƙwalla ihu.

"Kada kowa ya taɓa!" in ji Mokoteli.

Ya ja sarƙar baya taƙi ɗaya, ya girgiza. Shiru. Ya sake, har fatar tafinsa ta saɓule. Sai ta yi ƙara, ta ci gaba da tafiya.

Padayachee ya rayu, sai dai hannun hagu bai ƙara moruwa ba. Kwamitin masu gidajen ya rubuta wa Mokoteli takardar gargaɗi, Thiru ta yaga ta a gaban taro. Ya ƙara shekara biyu yana gadin ginin, sannan ita da kanta ta tuƙa shi har ƙauyensu a Lesotho.