Fuskar Onarabul a Ƙyallen Tatar Koko

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya same ni, ni budurwa ce mai ji da kanta. Na karanci zane-zane a jami'a a gida, karatun da dangina suka ɗauka ɓata lokaci ne, sai Allah ya sa na samu aiki a Dubai, a wani ƙaramin gidan adana zane-zane da kayan fasaha mallakar wani attajiri. Aikina shi ne in zagaya da baƙi ina yi musu bayanin abin da ke rataye a bango, in kuma taimaka wajen shirya baje koli. A unguwar International City nake zaune, mu uku a ɗaki, kullum sai na yi sammakon bin bas, amma da zarar na rataya katin aiki a wuya ji nake kamar da ni aka gina garin. Bizata a hannun gidan take, kuma da albashin nan nake riƙe mahaifiyata da ƙannena. Wanda ya san Dubai ya san in aiki ya tafi, zama ma ya tafi.

Shugabar gidan, wadda muke ce wa Madam, mace ce mai daɗin baki. Duk ranar buɗe baje koli sai ta tsaya gaban manyan baƙi ta dafa ƙirji, ta ce a gidanta babu mai rufe bakin mai zane ko wane ne shi, har idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa na haɗiye zancen nan ko tauna shi ban yi ba. Da aka tashi baje kolin ayyukan matan Afirka ta Yamma, ni na kawo mata aikin wata mai zane 'yar jiharmu. Kun san atamfar nan da 'yan siyasa ke raba wa mata in zaɓe ya matso, mai ɗauke da fuskar ɗan takara. Wanki biyu ta koɗe, sai mata su yayyaga ta su yi gammo, su yi tsumman sauke tukunya, su yi ƙyallen tatar koko. Mai zanen ta bi ƙauyuka tana karɓar waɗannan tsummoki, tana ba masu su sabon zane a madadi, sannan ta harhaɗa su ta ɗinke suka zama shimfiɗa guda mai cin bango. Fuskokin 'yan takara ne na kowace jam'iyya, wani ya ƙone, wani ya huje, wani ya sha gasara. Madam ta ce ba ta taɓa ganin aiki mai ƙarfinsa ba. Ni na kai shi wurin wani tela a unguwar Satwa ya sa masa shafi, Madam kuma da hannunta ta gyara bayanin da aka liƙa a gefensa da Turanci da Larabci, wanda ya faɗi ƙarara abin da aka yi da kowane ƙyalle.

Akwai wani dattijo mai ofishin kago, wato aika kaya gida, a unguwar Port Saeed, abokin marigayi mahaifina, ina ce masa Baba. Al'adar mutanenmu ce a can, in babban mutum ya zo daga gida a je a gaishe shi, a zagaya da shi gari, a nuna masa 'ya'yan gida da suka zama wani abu. Wata rana Baba ya kira ni ya ce zai kawo mini babban baƙo in fita kunyarsa, bai kuwa faɗi ko wane ne ba. Da suka shigo sai na ga Onarabul ne, wani ƙusa a siyasar jiharmu da ya zo hutu da ganin likita, bayansa zugar 'yan kore, mai riƙe masa waya daban, mai riƙe masa ruwa daban. Nan take na tuna fuskarsa ce a tsakiyar shimfiɗar nan, a jikin wani ƙyallen tata da ya yi jirwaye. Na yi ƙoƙarin bi da su ta wani ɗakin, ashe wahalar da kaina nake yi, mutumin ko bango ba ya kallo, waya yake yi yana haƙiƙance wa wani zancen farashin gida. Sai wani cikin 'yan korensa ya hango, ya ce ga maigida can Larabawa sun rataye shi.

Ban taɓa ganin babban mutum ya washe baki haka ba. Ya gyara hula, ya tsaya a ƙarƙashin fuskarsa, ya ce daman ya san aikin da ya yi wa talakawa ya ƙetare teku. Na matsa na ce ranka ya daɗe, akwai bayani a gefe da ya kamata a duba. Wani mai jan carbi a cikinsu ya tare ni, ya ce Onarabul ba ya bukatar a yi masa bayanin kansa. Baba kuma ya harare ni irin hararar da ke cewa yarinya ba ta katse manya, sai na ja bakina. Bayanin nan yana daidai kafaɗarsa, ga su maza reras kowa na iƙirarin digiri, amma babu wanda ya sunkuya ya karanta layi ɗaya. Suka yi ta ɗaukar hoto, kafin su kai mota sun watsa a shafukansu cewa an karrama jagoran talakawa a Dubai.

Matan gida ba sa bukatar Turanci kafin su gane ƙyallen tatar koko. Kafin ya gama sayen turarensa hoton ya zagaya ko'ina. Wata ta rubuta cewa irin nata ne sak, sai dai nata ya fi tsabta. Wata ta ce jirwayen goshinsa na gero ne, da na dawa ne da ya fi haka ja. Aka yi ta dariya har a tashar mota, 'yan adawa kuwa abin nema ya samu. Mai hankali da sai ya kori wanda ya hana shi karatu, amma shi sai ya ce ni 'yan adawa suka saya na haƙa masa rami. Bai sake tako gidan ba, da waya ya yi aikinsa, domin attajirin nan mai gidan namu yana da kwangilar shigar da kaya jiharmu, kuma sa hannun mutanen Onarabul take jira.

Madam ta kira ni ofis. Matar nan mai dafa ƙirji ta dube ni ido cikin ido ta ce ita ba ta san fuskokin na rayayyun mutane ba ne, ni na ɓoye mata. Na tuna mata ita ta gyara bayanin, ta ɗaga hannu ta ce halas, wato zance ya ƙare, ba musu ta kira ni mu yi ba. A ranar aka sauke shimfiɗar aka naɗe, aka liƙa ɗan kati cewa ana yi mata gyara. Ta ce in kira mai zanen in ce hasken fitila ne ke cin yadin. Wannan kam ban yi ba, na kira ta na gaya mata gaskiya, ta ce daman ta san za a rina, ni dai take tausayi. Abokan aikina kowa ya sa kai a kwamfuta kamar ranar ya fara ganinta. Ban riƙe su sosai ba, kowa bizarsa yake kallo. Madam ta ce hanya ɗaya ce, in Onarabul ya yafe, aikina yana nan, inshallah.

Baba ne ya raka ni ban haƙuri, kamar yadda ake yi a gida, babba ya shige gaba. Muka hau wani dogon bene, aka bar mu a falo muna jira shi yana ciki yana kallon ƙwallo. Da ya fito na durƙusa a kan kafet, gwiwa biyu, na ce ranka ya daɗe a yafe mini. Yana tsinkar inabi yana yi mini wa'azin tarbiyya, wai boko ba tare da ladabi ba shi ke lalata 'ya'ya mata, 'yan kore na gyaɗa kai kamar ƙadangaru. A ƙarshe ya ce ya yafe, ai ni 'yarsa ce. Na fito ina share hawaye, Baba na cewa ai ga shi an wuce wurin. Ba a rufa mako ba Madam ta ce an sake tsarin ma'aikata, babu gurbina. Aka soke bizata. Da na je wa Baba da maganar sai ya ce in yi haƙuri, shi ma kwantenoninsa ta hannun mutanen nan suke bi. Ina haɗa kayana na ga sanarwar sabon baje kolin Madam, wai a kan muryar matan da aka danne.

Rashin aikin ya yi mini ciwo, amma durƙuson nan ya fi ci mini rai, don har yau in na tuna sai in ji kafet ɗin a gwiwata. Abin da na koya shi ne, gidan zane da ba shi da wata kariya sai bakin shugabansa, ba shi da kariya. Ranar da waya ta yi ƙara daga sama, zanen ne zai fara sauka, sai ƙaramin ma'aikaci ya bi bayansa. Ina jan kunnen 'yan'uwana masu sha'awar wannan aiki, a gida ko a waje, kafin ku karɓa ku tambaya wa ke da ikon sauke aiki daga bango, kuma wa zai tsaya muku in mai mulki ya fusata. In amsar ita ce jawabi mai daɗi, ku san ku kaɗai ne. Kada kuma wani babba ya ja ku ban haƙurin laifin da ba ku yi ba, ba zai dawo muku da komai ba. Masu irin waɗannan gidaje kuma, in kun san ba za ku iya tsayawa ba, ku rataye hoton furanni ku huta, ku daina sa 'ya'yan mutane a gaba.

Washegarin dawowata gida na fito tsakar gida na tarar da mahaifiyata a kan kujera 'yar tsugunno tana tatar koko. Na dubi ƙyallen da ke hannunta, sai ga Onarabul da hularsa. Ba ta san komai game da bango ko baje koli ba, ta dai san an kori 'yarta. Na tambaye ta me ya sa ba ta yar da tsumman nan ba, ta ce ai atamfar ba ta ɗauruwa don shara-shara ce, amma wajen tata babu kamarta. Ta tattara bakin ƙyallen, ta murɗe shi da ƙarfi, gasara na tsiyaya ta hancinsa. Na ce mata Inna, kawo in taya ki.