Goron Baba Jibrin a Bakin Get

Shekara ashirin da uku Jibrin ya yi yana gadin wata firamaren gwamnati a Nassarawa GRA, kuma abin da ya taɓa riƙewa mai kama da makami shi ne gorar da yake korar awaki daga filin ƙwallo. Mutumin Ringim ne. Cirani ya kawo shi Kano, ya sami aikin, ya kama ɗaki a Tudun Murtala, shi ke nan ya zama ɗan gari. Soja suka koma bariki, aka ƙaddamar da Shari'a, aka yi zaɓe aka sake yi, shi dai yana kan bencinsa a gindin darbejiya, a wajen get, ba a ciki ba.

Cewa yake wanda ya zauna a ciki, sai mugu ya iso zai gan shi. Shi da gaisuwa yake gadi. Da ya hango baƙuwar fuska tana kai-kawo, sai ya miƙe ya tare ta da sallama, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya zaro goro daga aljihu ya ɓara ya miƙa. Kafin goron ya ƙare ya san sunan mutum da unguwarsu da abin da ya kawo shi. Mai gaskiya ya tafi da aboki, marar gaskiya ya tafi bai sake dawowa ba. Yara kuwa ya san su kaf, ya san mai ɗaukar kowannensu, kuma babu direban da ya isa ya tafi da yaro sai Baba Jibrin ya gyaɗa kai. Akwai wata 'yar aji biyu, Hasiya, da uwarta ke girki a wani gida a tsallaken titi. Ba ta yarda ta ƙetara sai ta riƙe masa ɗan yatsa.

Sai gari ya lalace. Aka fara jin labarin ƙona makarantu, iyaye suka tsorata, kuma da gaskiyarsu. Takarda ta fito daga sama: dole kowace makarantar gwamnati ta sami mai gadi da bindiga, kuma kada kowa ya zauna a bakin get. Waɗanda suka rubuta ta, da alama ba su taɓa tsayawa a ƙofar makaranta lokacin tashi ba, sa'ad da yara ɗari shida ke fitowa kamar an buɗe wa kaji akurki.

Shugabar makarantar, Malama Loretta, 'yar Wusasa, ita aka bar wa faɗa masa.

"Baba, na yi magana har na gaji. Sun ce shekarunka sun wuce a ba ka bindiga."

"To Malama, su kawo mai bindigar. Ni sai in zauna gefe in riƙa nuna masa mutane."

"Takardar ba ta ce haka ba, Baba."

Ya yi godiya, ya ɗauki butarsa da gorarsa. Amma sabo turken wawa: kullum in lokacin tashi ya yi, sai ga shi a tsallaken titi yana jiran ya ƙetarar da Hasiya. Mai bindiga na farko, Tanko, ya san da zamansa, ya ƙyale shi. Abin takaicin, duk mako biyu ake canza su, wai don kada su saba da kowa. Ka ji fa, mai gadin da aka hana sanin mutane.

Ran wata Litinin Jibrin ya hango sabuwar fuska a get, an kawo sabon mai bindiga. Ƙafarsa ba ta yi shawara da shi ba, ya nufi saurayin da sallama.

"Tsaya nan!"

"Sannu da aiki, yaro. Daga wane gari?"

Jibrin ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa.

"Fito da hannunka! Kwanta! Na ce kwanta!"

Bakin bindiga na kallon ƙirjinsa. Dattijon ya kwanta rub da ciki a kan yashi, hularsa ta faɗi, goron ya gangara har gaban takalmin saurayin. Yara sun cika get, ba mai motsi. Malama Loretta ta fito a guje tana ihu, "Babanmu ne! Babanmu ne!" Mai bindigar ya sauke bindigarsa. Ba mugu ba ne. An gaya masa irin mutanen da ke sa hannu cikin riga, ba a gaya masa Jibrin ba.

Jibrin ya tashi, ya kakkaɓe gemunsa, ya ce ba komai. Amma ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi.

Duk da haka washegari ya dawo, saboda yarinyar. Ya tsaya nesa da get. Da Hasiya ta fito, ya miƙa mata ɗan yatsa kamar kullum. Ta dube shi, ta mayar da hannuwanta baya.

"'Yan ajinmu sun ce kai ne mugun da aka kama."

Ta juya ta koma ta tsaya kusa da mai bindiga, wanda ko sunanta bai sani ba, tana jiran wani ya zo ya ƙetarar da ita. Jibrin ya daɗe a wurin da yatsansa a miƙe kafin ya tuna ya sauke shi.